Baƙaƙen Da Ke Tsare Garke A Bakin Iyaka

'Yan'uwa makiyaya, da dillalai da mahauta na Zangon Kwatano da na sauran zangunan ƙasar Benin, a wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wani abu wanda ake gani ƙarami ne, alhali kuwa yana ci mana dukiya kowace shekara. Watau waɗannan gajerun baƙaƙe na Faransanci da na Ingilishi waɗanda suka cika takardun kiwo, irin su CIT da UBT da PPCB da PPR da danginsu. Ma'aikaci ya furta su da sauri kamar sunan ɗansa, makiyayi kuwa ya gyaɗa kai don kunya, ya dangwala yatsa a takarda, ya koma ruga bai san abin da ya yarda da shi ba.

Mun sani kowace sana'a da yarenta, kuma ba mu ga laifin wannan ba. Baƙon da ya shigo kara ya ji an taya sa, mai shi ya ce "albarka", zai zaci godiya ake yi, nan kuwa an ƙi tayin ne. In ya ji an ce ɗari, zai lissafa sefa 100, alhali mu da dala muke ƙirga, sefa 500 ake nufi. Makiyayi ba ya cewa saniya kawai. Zai gaya maka karsana ce ko mai shayarwa, bunaji ce ko rahaji ko bokoloji ko keteku, kuma da kalma ɗaya ɗan'uwansa ya san launinta da tsayin ƙahonta. Wannan yare yana rage doguwar magana tsakanin waɗanda suka san aikin, shi ne amfaninsa.

Har masu wasa ma haka suke. Akwai wata gasa da ake haɗa wasanni uku a jere ba hutawa, iyo da tseren keke da gudu, wadda Turawa ke kira triathlon, aka shigar da ita wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000. A can mutum zai yi iyo na kilomita ɗaya da rabi, ya fito ya hau keke ya yi kilomita 40, ya sauka ya yi gudun kilomita 10. Masu horon wannan wasa in suna zance tsakaninsu ba abin da za ka tsinta. In sun ce T1, suna nufin lokacin da ɗan wasa ya fito daga ruwa zai hau keke. T2 shi ne saukarsa daga keke zai fara gudu. DNF suna rubuta wa wanda ya fara bai kai ƙarshe ba. In kuma ka ji 70.3, to, yawan mil ne na wata gasa wadda take rabin babbar da aka fara a tsibirin Hawai a 1978. Mu dai da muka ji labarin, sai muka ce yaron da ya koro garke da ƙafa tun daga ƙasar Doso, ya ƙetare Kwara da iyo yana riƙe da wutsiyar saniya, ai ya yi biyu cikin ukun, ba wanda ya rataya masa lambar yabo.

To, amma ga inda bambancin yake. Masu wannan wasa su suka ƙago baƙaƙensu, su suke amfani da su, kuma in sabon mutum ya shigo cikinsu suna ɗokin su koya masa, domin suna so ya zauna. Wanda bai san T2 ba, iyakar hasararsa a bar shi a baya wajen hira. Namu baƙaƙen kuwa a ofis aka yi su, a Abuja da Wagadugu da Paris, ba da bakinmu ba, sa'an nan aka ɗora su a kan dukiyarmu. Wanda bai san su ba, garkensa ne za a tsare.

Bari mu ɗauki CIT, tunda ita ce uwa. Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi ke nan. Shugabannin ƙasashen Afirka ta Yamma ne suka kafa ta a taronsu na Abuja a watan Oktoba na 1998, cikin wata yarjejeniya mai lamba A/DEC.5/10/98, aka biyo ta da ƙa'idojin aiwatarwa a 2003. A cikin takardar ana rubuta yawan dabbobi da irinsu, da allurar rigakafin da aka yi musu, da burtalin da za a bi, da ƙofar iyakar da za a shiga, da inda za a sauka. Yarjejeniyar ta ce da rana ake ƙetare iyaka, ba da dare ba. Ta ce kowane shanu 50 sai da mai kiwo ɗaya, kuma garken da zai ƙetare sai da mutum biyu aƙalla, kowannensu ya cika shekara 18. Garken da ba shi da takarda ana iya killace shi, kuma mai shi ne zai biya kuɗin killacewar.

Wannan shi ne abin da aka ɗora mana. Amma takardar nan ɗaya ta ba mu haƙƙi kuma, wanda yawancinmu ba su taɓa jin sa ba. Ta ce makiyayin da ya shigo bisa ƙa'ida yana ƙarƙashin kariyar hukumar ƙasar da ya sauka. Ta ce in rigima ta tashi tsakanin manomi da makiyayi, sai a fara kai ta gaban kwamitin sulhu wanda akwai wakilan makiyaya a ciki, kafin a je kotu. Shekara fiye da 25 ke nan da rubuta wannan. Ku tambayi dattawa goma a bakin masallacin Zango bayan sallar Juma'a, ku ga ko nawa ne aka taɓa karanta musu shi da Hausa ko Fulatanci. Kowa an sanar da shi tara, ba a sanar da shi kariya ba.

Mu na Kwatano wahalarmu ninki biyu ce, domin muna zaune tsakanin harsuna biyu na boko. Abin da ake kira CEDEAO a nan, da ka wuce Seme ka shiga Najeriya ya koma ECOWAS, ƙungiya ɗaya ce wadda aka kafa a Legas a 1975, amma akwai masu zaton biyu ne. Ciwon huhu na shanu, wanda kowane yaro a ruga ya san tarinsa, likitan dabbobi na nan zai rubuta PPCB, na Najeriya ya rubuta CBPP. Baƙaƙe huɗu ne aka jujjuya, cuta ɗaya. Mutum yana iya riƙe da shaidar an yi wa shanunsa allurar, a tambaye shi da ɗaya sunan ya ce ba a yi ba, a sa shi ya sake biya. PPR kuma annobar nan ce ta awaki da tumaki mai zuwa da zawo da majina, wadda hukumomin duniya suka ɗauki alkawarin kawar da ita zuwa 2030, kamar yadda aka sanar da ƙarewar bushiya a 2011. Kakanninmu sun ba da shanunsu aka yi wa bushiya allura domin an kira musu ita da sunan da suka sani, kuma sun ga ɓarnarta da idonsu. Ta yaya matan da ke kiwon awaki a bayan gida za su fito da su don wata aba wai ita PPR? Muna da sammore, muna da kirci, muna da saifa da harbin daji. Sunaye ba su ƙare mana ba.

Wanda ya fi ba mu tsoro shi ne UBT, domin shi ba a tambayar makiyayi shi a kan hanya, a ofis yake aikinsa shiru. Ma'auni ne da masana suka ƙago: dabba ɗaya ta lissafi mai nauyin kilo 250. Da shi suke mayar da garke ya zama lamba. Saniyar gida ba ta cika ɗaya ba a wurinsu, tumaki ko awaki kuwa sai an tara wajen goma kafin su zama ɗaya. Daga nan sai a ce fili kaza yana ɗaukar UBT kaza, a rubuta a rahoto, a sa hannu. Ranar da aka zo aka ce maka dabbobinka sun yi wa wurin yawa, daga wannan lissafi maganar ta fito. Ba mu ce lissafin ƙarya ne ba, kowa ya san ciyawa tana da iyaka. Amma garso wanda ya yi shekara 30 yana duba makiyaya ya san fadamar da ke riƙe ɗanyen haki har bazara, ya san tudun da ke ƙonewa tun kaka, ya san keteku tana ƙoshi inda rahaji za ta rame. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In da an fassara masa ma'aunin, da ya yi gardama inda ya kamata, ya gyara musu lamba. Tunda ba a fassara ba, sai a yanke hukunci yana zaune a wurin, a rubuta cewa makiyaya sun halarta.

Shekarun nan kuma abubuwa sun yi ta sauyawa da sauri, kowane sauyi da sababbin baƙaƙensa. A watan Afrilu na 2019 aka sa hannu a kan dokar kiwo ta ƙasar Benin mai lamba 2018-20. A watan Disamba na wannan shekara gwamnati ta hana shigowar garkunan ƙasashen waje, sai a farkon 2020 aka yi wa Nijar sassauci na shanu 50,000 na ɗan lokaci. Bayan haka aka fito da shirin ProSeR, wanda ma'anarsa zaunar da masu kiwo wuri ɗaya, da sansanin gwaji a Gogunu. Akwai 'yan'uwanmu da ke ganin alheri a cikinsa, ruwa da makaranta da fili mai takarda, akwai kuma masu ganin ƙarshen tafiyar rani ke nan. Kowanne yana da hujjarsa, kuma ba yau za mu raba wannan gardama ba. Abin da muke cewa shi ne, mutum ya san da bakinsa cewa "zama wuri ɗaya" ake tambayarsa kafin ya ce na yarda. Sa'an nan a watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga CEDEAO, bayan sun kafa tasu ƙungiya ta AES a 2023. Takardar CIT kuwa da sunan CEDEAO aka haife ta. Mai garke a Gaya ko Malanbil yana da haƙƙin a gaya masa da harshen da yake ji wace takarda zai riƙa, kada ya ji labari a bakin mai kaki.

Ko sunayen ƙungiyoyin makiyaya abin dubawa ne. Miyetti Allah a Najeriya, da Billital Maroobe wadda ta haɗa ƙungiyoyin ƙasashe da dama, ba wanda ke mantawa da sunansu, domin da Fulatanci aka raɗa su. Amma GPER da UCOPER da UDOPER da ANOPER, waɗanda suke matakai ne na tsari ɗaya tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya, suna aiki mai kyau, sai dai tsoho a ruga yana jin su kamar sunayen magungunan tsutsa. Rajista dole da Faransanci za a yi ta, mun sani. Ba abin da ya hana a raɗa wa kowace suna na biyu wanda za a kira ta da shi a kara.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar noma da kiwo da ofisoshin magajin gari, duk takardar da makiyayi zai dangwala wa yatsa a buga fassararta a bayanta da Fulatanci da Hausa da Dandanci da Barganci, da boko da ajami, tunda da yawa cikinmu da ba su shiga lakkol ba suna karanta ajami sarai. Muna kira ga likitocin dabbobi su rubuta sunan cuta na gida kusa da baƙaƙensu a katin allura. Gidajen rediyon karkara na Borgu da Alibori suna da shirye-shirye da harsunanmu, a ba su yarjejeniyar 1998 da dokar 2019 su karanta sashe sashe kafin lokacin tashi. Masu shirya taro kuma, in ba ku tanadi tafinta ba, kada ku rubuta cewa an yi shawara da mu.

Ku kuma 'yan'uwa, tambaya ba ta rage girman dattijo. In ma'aikaci ya jefo muku baƙaƙe, ku ce, "Ranka ya daɗe, a warware mana." In ya ƙi, kada ku dangwala. 'Ya'yanmu da suka yi karatu, waɗanda ke haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila da lambobin rigunansu, su haddace wa iyayensu waɗannan ma.

Daga fitowa ta gaba za mu keɓe rabin shafi, kowane wata mu ɗauki baƙaƙe biyar mu warware su, da na Faransanci da takwaransa na Ingilishi da ma'anarsa da Hausa. Za mu fara da katin allura, tunda shi ne a aljihun kowa. Duk wanda yake da wata takarda da ta shige masa duhu, ya kawo ta ofishin ƙungiya, ko ya ba wakilinmu na kararsa, a rufe sunansa a kwafa.