Nonon Gwanda Da Ciwon Haƙori

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan ƙasar Tsanyawa ya san irin ɓarnar da ciwon haƙori ke yi. Manomi yakan bar gonarsa ana tsakiyar noman fari, yaro ya rasa makaranta mako guda. In abin ya yi tsanani, sai a tura kanumfari cikin kogon, ko a nufi wanzami ya cire. Waɗansu ma har ruwan batir suke ɗigawa, su ƙone dasashinsu.

To, likitoci suna da hanyar ceton irin wannan haƙori. Sukan huda shi, su fitar da jijiyar da ta ruɓe, su wanke ramin saiwar sarai, sa'an nan su cike shi. Ruwan da suka fi wankewa da shi dangin bilicin wanki ne. Yana kashe ƙwayoyin cuta ƙwarai, amma in ya zarce ƙarshen saiwa yakan ƙone nama. Wannan ya sa masana suka waiwayi itatuwa. A shekarar 2003 aka haɗa wani magani a Brazil, mai suna Papacárie, daga sinadarin nonon gwanda, wanda ke narkar da ruɓaɓɓen sashe ya bar mai lafiya. A 2008 kuma likitocin Amurka suka gwada wanke saiwar haƙori da ruwan noni, wani ɗan itace na ƙasashe masu zafi. Kanumfarin kakanninmu ma, mansa yana cikin haɗin da aka daɗe ana liƙe ramin saiwa da shi.

Wannan labari ya faranta mana rai, gama ya nuna magungunan gargajiya ba abin rainawa ba ne. Amma muna tsoron kada wani ya ji rabin zance ya tsaga ɗanyar gwanda ya ɗiga a kogon haƙorinsa. Abin da likita ke amfani da shi tacacce ne, an auna ƙarfinsa. Ɗanyen nonon kuwa yana iya sale baki, ba ya kuma kaiwa ƙarshen saiwa inda mugunya take. Jijiya in ta mutu zafi kan lafa, mutum ya ce ya warke, alhali cuta tana ci ta ƙasa. Kumburin da ya sauka daga muƙamuƙi zuwa wuya yana iya toshe numfashi.

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta da akawuna, tun da ku jama'a ke tambaya, ku faɗa musu gaskiya. Mai kumburin fuska da zazzaɓi a kai shi asibiti ran nan, in ta kama har Asibitin Malam Aminu Kano. Malamai kuma su riƙa duba bakin yara da safe, su hore su da aswaki, su rage musu alewa. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.