A JE OBUDU: SANIN ƘASA BA NA BATURE KAƊAI BA NE

Akwai wani hali da ya kama yawancinmu 'yan Arewa mazauna Kurmi, wanda ya kamata mu dube shi da idon basira. Mutum sai ya shekara ashirin a Ikko ko Badun ko Fatakwal, amma iyakar saninsa da ƙasar daga Sabo sai kasuwa, sai tashar mota. In Salla ta ƙarato ya ɗaure kaya ya nufi gida, in ta wuce ya komo bakin nema. Alhali kuwa Turawa sun ƙetaro teku don ganin wuraren da mu muke giftawa ta gefensu muna gyangyaɗi cikin mota.

Dubi Dutsen Obudu a arewacin Jihar Kuros Riba, daf da iyakar Kamaru. Duk wanda ya taso daga Kalaba ya bi ta Ikom da Ogoja zuwa Katsina-Ala, to ya wuce kusa da shi. Daga garin Obudu tafiyar kusan mil 40 ce, a cikin Ƙaramar Hukumar Obanliku. Tsayin dutsen ya kai wajen ƙafa 5,200, hanyar hawansa kuwa mil 7 ce mai lauje-lauje, wadda sai gwanin direba. A can bisa sai ka tarar da makiyaya shimfiɗe kore shar, ga ƙoramu, ga hazo yana rufe mutum da rana tsaka, ga sanyin da ke tuna wa baƙo Jos a watan Janairu.

Asalin wurin ma abu ne da ya shafe mu, watau kiwo. A shekarar 1951 ne waɗansu Turawa suka kafa gandun shanu a kan dutsen, domin sun lura cewa tsayinsa da sanyinsa sun hana ƙudan tsando zama, shi kuwa ke kawo sammore da ke kashe shanu a Kurmi. Daga baya aka gina masaukin baƙi. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa keken igiya mai ɗaukar mutane ta sama daga gindin dutsen zuwa ƙololuwarsa, tafiyar mil biyu da rabi. A shekarar ce kuma aka fara gasar tseren hawan dutse, wadda ta jawo 'yan gudu daga Habasha da Kenya da sauran ƙasashe, na ɗaya yana samun dala 50,000.

Wani zai ce, "Mu da muka zo neman abin kai wa bakin salati, ina mu ina yawon shan iska?" Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama guzuri da kuɗin masauki ba wasa ba ne. Amma fa a tuna da abin da muke ɓatarwa wajen biki da ankon suna. Kusan kowane gari muna da ƙungiyoyi, na mahauta, na direbobi, na fataken goro da na shanu. Me zai hana ƙungiya ta yi adashi, ta ɗauki shatar mota sau ɗaya a shekara, lokacin rani da hanya ke da kyau, a tafi da yara 'yan makaranta? Abin da ya gagari mutum guda ba zai gagari talatin ba.

Amfanin tafiyar ya wuce shan iska. Falken shanu zai ga ƙasar da aka zaɓa don tsayar da garke wuri guda, ya auna da kansa, tun da yake batun nan ne ake ta taƙaddama a kansa a Nijeriya. Bugu da ƙari, dutsen yana da masu shi, watau mutanen Becheve, manoma masu harshensu da al'adunsu. Wanda ya zauna da su, ya ci doyarsu, ya gai da dattawansu, da wuya wani ɗan tsurku ya zo daga baya ya ce masa duk mutumin Kudu abokin gaba ne. Su ma za su san ɗan Arewa ta wata fuska, ba ta jita-jita ba. Sharaɗin dai shi ne mu shiga da ladabin baƙunta: kada a ɗauki hoton mutum sai da izninsa, kada a taɓa abin da suka tsare, kada a bar ƙazanta.

Sai kuma gwamnati. An kashe dukiya mai yawa a Obudu, amma bayan 'yan shekaru aka yi sakaci har keken igiyar ya daɗe a tsaye. Cutar ke nan da ke damunmu: ɗokin gini, ƙyuyar gyara. Dutsen Mambila a Jihar Taraba, mai gonakin shayi a Kakara, shi ma hanya da masauki yake bukata. Hukuma kuwa ba ta damuwa da wurin da jama'a ba su damu da shi ba. In muna zuwa, muna da bakin tambaya.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na biranen Kudu su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.