A Gyara Mai Ciwo, A Bar Mai Lafiya

'Yan uwa ɗalibai, wasunmu sun fara buɗe na'urar sauti ta gida, wadda ke juya waƙar waya ko faifai zuwa muryar da lasifika ke fitarwa. Sai su cire ƙananan kayan cikinta su sa masu tsada, wai sauti zai ƙara daɗi. Mu dai ba mu goyi bayan haka ba.

Gaskiya ne kafasita mai ruwa a ciki tana bushewa idan ta tsufa, kuma ƙarin zafi na digiri 10 kan rage kusan rabin kwananta. Idan kanta ya kumbura, lasifika tana ƙugi, a canja ta da mai lamba iri ɗaya. A kula da ƙafar + da ta −, domin idan aka juya su tana iya fashewa. Wannan shi ne gyara.

Amma cire mai lafiya asarar kuɗi ce, kuma dalma a hannun ɗan koyo kan ƙona allon na'urar. Ga shi kafasita tana riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Mai son koyo ya fara da matacciyar rediyo, a gaban malamin kimiyya. Na'urar Baba ba wurin gwaji ba ce.