Fushin Da Ba Ya Kwana

A ƙarshen Satumban 2007, zargin ɓatanci ga Annabi da aka yi wa wasu ɗalibai Kiristoci a wata makarantar sakandare ya tayar da tarzoma a Tudun Wadan Dankadai. An kashe mutane, an ƙona coci-coci. Kiristocin wannan yanki, waɗanda da yawansu Hausawa ne jikokin Maguzawa daga ƙauyukan Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, sun sha jin nasiha guda: a yi haƙuri.

Nasihar tana da kyau, sai dai an cika gajarta ta har ta zama kamar fushi kansa zunubi ne. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Afisawa 4:26, Manzo Bulus ya yarda mutum ya husata, amma ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada fushin ya kai ga saɓo, kada kuma ya wuce faɗuwar rana. Markus 3:5 ya nuna Yesu da kansa cikin fushi saboda taurin zuciyar mutane, kuma abin da ya biyo baya shi ne warkar da mai shanyayyen hannu.

Ke nan abin dubawa shi ne inda fushin ya dosa. Na Kayinu ya ƙare a kan Habila, wanda bai yi masa laifi ba. Haka aka gani a Yelwan Shendam a 2004: bayan kisan da aka yi a wani coci a Fabrairu, mayaƙa Kiristoci suka kashe ɗaruruwan Musulmi a watan Mayu, kwanaki kaɗan kuma ramuwar ta faɗa kan Kiristocin birnin Kano da ba su taɓa taka Filato ba. Romawa 12:19 ta haramta wa mai bi ramuwa ƙarara.

Amma hana ramuwa bai nufin a haɗiye zalunci ba, kuma a nan ne masu wa'azi suka fi yin sakaci. Da aka yi wa Bulus bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, mahukunta suka aika a sallame shi a ɓoye, sai ya ƙi fita har suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Fasto a Doguwa da ya rubuta ƙorafi ga hakimi, ko ya je kotu kan filin coci, bai saɓa wa Linjila ba. Wanda ya ce wa gwauruwar da aka kashe mijinta ta daina fushi, alhali bai raka ta ofishin 'yan sanda ba, ya bar ta ita kaɗai da abin da zai kwana a ranta.