Ɗan Jarida Ba Ya Tuɓe Rigarsa a Facebook

A makon jiya wani abokin aikina, wanda muka daɗe muna ɗauko rahoto tare, ya wallafa a shafinsa na Facebook cewa wani dattijon gari ya rasu. Kafin la'asar 'yan uwa sun fara kiran juna suna kuka, alhali dattijon yana zaune a ƙofar gidansa da ransa da lafiyarsa. Na kira abokin nawa na ce, "Malam, ina ka samo wannan labari?" Ya ce, "Wallahi a wani zauren WhatsApp na gani. Kuma ai shafina ne, ba na gidan rediyo ba." Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami yau.

Mai sauraro bai san wannan bambanci ba. Sunan da yake ji a labaran ƙarfe bakwai shi ne yake gani a wayarsa, kuma da amanar da ya ba ka a rediyo yake karanta abin da ka rubuta a shafinka. Idan ɗan kasuwa ya yaɗa jita-jita, jama'a za su ce "an ce". Idan ɗan jarida ya yaɗa ta, sai su ce "an tabbatar".

Mun ga inda irin wannan sakaci yake kaiwa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon wankan ruwan gishiri da shan sa ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya, aka kwantar da mutane a asibiti. A watan Yunin 2018, bayan kashe-kashen yankin Gashish a Jihar Filato, an yi ta yaɗa hotuna da bidiyo masu tayar da hankali a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya gano cewa ɗaya daga cikin bidiyon an ɗauke shi ne a Kongo Barazabil tun 2012. Amma kafin gaskiya ta fito, an riga an tare hanya a Jos an kashe matafiya. Magana zarar bunu ce, kuma a zamanin waya ko minti ɗaya ba ta yi kafin ta bar hannunka.

Ba a rasa ƙa'ida ba. Kundin ladubban aikin jarida da aka amince da shi a Ilori a 1998, da sa hannun Ƙungiyar 'Yan Jarida ta NUJ da ta editoci da ta masu gidajen jaridu, ya wajabta tantance labari, da ba wanda aka zarga damar kare kansa, da ƙin karɓar na goro don wallafa labari ko danne shi, da sakaya sunan yaran da aka ci zarafinsu. A lokacin babu Facebook, amma babu ko ɗaya cikin waɗannan da waya ta soke. Kafin kundin ma, Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda da safe yake karanta labarai, da dare kuma ya koma sojan baka na wani ɗan siyasa a intanet, yana zagin abokin hamayyar maigidansa. Na san albashi ba ya isa, wasu gidajen ma sukan yi watanni ba su biya ba. Wannan zalunci ne da ya kamata NUJ ta tsaya a kansa tsayin daka. Sai dai talauci bai halatta sayar da suna ba. Kuma duk ƙaryar da ɗayanmu ya wallafa hujja ce yake miƙa wa masu amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen kama 'yan jaridar da suka faɗi gaskiya.

A 1939, a Zariya, magabatanmu suka raɗa wa jaridarsu suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, Abubakar Imam ya riƙe ta da mutunci. Wannan gadon ne a hannunmu.

'Yan uwana 'yan jarida, kafin ka wallafa, ka kira mutum biyu da suka san abin da ya faru. Idan ka yi kuskure, ka fito ka gyara a inda ka yi shi, ka ba da haƙuri, kada ka goge a ɓoye. Gara a riga ka ba da labari da a kama ka da ƙarya.