Goma sun samu ABU, to su nawa suka zauna jarrabawar?



Da zarar sakamakon WAEC da NECO ya fito, jami'o'i kuma suka fara sakin sunaye, sai ka ga allunan talla sun tsiro a bakin titi tun daga Funtuwa, ka bi ta Bakori har Malumfashi. Kun san su sarai: ƙaton ƙyalle mai sheƙi, hotunan yara goma ko sha biyu cikin rigar yaye ɗalibai, ƙarƙashin kowane hoto an rubuta makin JAMB da jami'ar da aka samu. Wannan likitanci a ABU, wancan lauya a BUK, waccan haɗa magunguna. Daga nan sai musu ya kaure a wajen cajin waya da bakin islamiyya, kowa na cewa makarantarsu ce gaba. Wanda ke makarantar gwamnati, ko wata 'yar ƙaramar makarantar kuɗi ta cikin lungu, shi kan ja bakinsa ya yi shiru kamar ya yi laifi.

Da a musun yara abin ya tsaya, da ba mu ɓata tawada a kansa ba. To amma allon nan har rumbu yake shiga. A yawancin gidajenmu kuɗin makaranta daga masara yake fitowa, da dawa da waken suya da auduga. Idan yaro ya dage sai an mai da shi makarantar da ya gani a allo, Baba da buhu zai yi lissafi: nawa za a kai kasuwar Ɗandume, nawa za a bari a ci, da me za a sayi taki baɗi. Sau da yawa ma da kaka ake fitar da hatsin, lokacin da ya fi araha, domin wa'adin biyan kuɗin zango ba ya jiran farashi ya tashi. Abin da za a saya da wannan tsada, ai ya kamata a san mene ne shi.

Allon ya ce goma sun samu shiga. Bai ce su nawa suka gama aji shida a shekarar ba. Mu ɗauki misali: wata makaranta ta yaye ɗalibai 200, ta liƙa hotunan 12. Wata ta yaye 25, biyar suka shiga jami'a, ba ta ma da kuɗin buga allo. Ta farko kashi 6 cikin 100 ke nan, ta biyu kashi 20. Wadda ta fi cika ido ita ce ta baya. Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayen hatsi ya san ɗan kasuwa ba ya yarda da saman buhu, sai ya zura hannu ya ga ƙwayar ƙasa.

Akwai kuma wata dabara da ba a rubutawa a allo. Wasu makarantun sukan yi jarrabawar gwaji a aji biyar ko farkon aji shida, duk wanda suka ga ba zai kai labari ba sai a ba iyayensa shawara, cikin ladabi, su yi masa rajista a wani wuri. Idan sakamako ya fito sai a yi shelar cewa ba wanda ya faɗi. Gaskiya ne, domin masu faɗuwar an riga an sallame su ta ƙofar baya, bayan sun biya kuɗin shekara biyar. Haka nan cikin masu hoton za ka tarar da wanda sai da ya zauna JAMB sau biyu ko uku, ya yi shekara yana zuwa lesin da yamma a wani wuri daban. Makaranta ba ta manta da hotonsa ba, amma ta manta da malamin lesin.

Mu ɗauka ma duk lissafin ya fita daidai, makarantar ta yi zarra da gaske. Sauran tambaya ɗaya: ita ta ƙera yaran, ko kuwa ƙerarru ta zaɓo? Makarantar da ke jarraba yara kafin ta ɗauke su, kuɗinta kuma sai gidan da ke da littattafai da wutar sola da yayye masu digiri, ta fara tseren ne daga tsakiyar fili. Manomin da aka ba fadama da ingantaccen iri, idan ya cika rumbu, ba lallai ne ya fi na kan tudu iya noma ba.

Tarihin jiharmu ma ya nuna haka. Babu makarantar kuɗin da sunanta ya kama ƙafar Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Umaru Musa 'Yar'aduwa duk sun ratsa ta. Ta yi malamai na ƙwarai, ba musu. Amma ku tuna, a farkon zamaninta 'yan tsirarun yara ake tsamowa daga lardunan Arewa gaba ɗaya a kai can, a lokacin da makarantun gaba da midil ba su da yawa. Wanda ya tsince zakarun kowane gari ya tara a akurki ɗaya, ba abin mamaki ba ne a ji cara ta fi yawa a gidansa. Kuma ta gwamnati ce, kamar Sakandaren Gwamnati ta Funtuwa da tsohon gwamna Aminu Bello Masari ya yi.

Masana sun taɓa auna wannan batu a Amurka. A wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda Joshua Angrist yake cikin masu yinsa, mutumin da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021, an duba shahararrun sakandarorin Boston da New York waɗanda ba a shiga sai da jarrabawa. Aka kwatanta yaran da suka shiga da ƙyar da waɗanda maki kaɗan ya hana. Tunda ƙoƙarinsu kusan ɗaya ne tun farko, duk bambancin da aka gani daga baya na makarantar ne. Da aka bi sakamakon jarrabawoyinsu na gaba, sai aka tarar bambancin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu mu zo kan yadda ake shiga jami'ar kanta, domin a nan ne ake yawan ruɗa ku. JAMB darussa huɗu ce, maki 400, Turanci dole. Tun 2017 duk gurbin da jami'a za ta bayar sai ya bi ta manhajar JAMB da ake kira CAPS. A jami'o'in tarayya irin su ABU da BUK da ta Dutsin-Ma, ƙa'idar rabon gurabe ita ce kashi 45 a bi cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa suna baya a ilimin boko, kuma Katsina na cikinsu. Abin da ake dubawa shi ne makinka, da sakamakon tantancewar jami'a, da kiredit biyar har da Turanci, da jihar da ka fito. Ba a ƙara wa kowa maki ko ɗaya don sunan sakandarensa, balle launin rigarsa ko motar da ke kai shi.

Kuma abin ba wasa ba ne ga kowa. A 2024, cikin ɗalibai sama da miliyan 1.8 da JAMB ta saki sakamakonsu, kusan kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba, 'yan makarantun kuɗi da na gwamnati duka a ciki. Likitanci kuwa, hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan waɗanda za ta ɗauka. Saboda haka makarantar da ta yi wa Baba alƙawarin za ta mai da ɗansa likita, ta yi alƙawari ne da abin da ba nata ba. Shi kuma hoton wanda ya tafi Masar ko Indiya ko Maraɗi, sau da yawa aljihun mahaifinsa yake nunawa.

Kada ku ce mun tsani makarantun kuɗi. Cikinmu da yawa can muka yi, kuma wasu sun cancanci kowane buhu da aka sayar dominsu. Inda malami ke shiga aji kullum, ya ba da aikin gida ya kuma duba shi, inda ɗalibai 30 ne a aji ba 100 ba, inda yaro ya taɓa kayan gwajin Kemistiri da hannunsa kafin ranar firaktikal, wannan abin biya ne. Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta JAMB, don haka makarantar da ke zaunar da ku gaban kwamfuta kuna gwaji da agogo ta ba ku abin da wasu ba su samu ba. Ga kuma batun tsaro. Tun da aka sace ɗalibai sama da 300 a Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, uwar da ta ce ta fi son ɗanta ya yi jeka-ka-dawo a cikin gari, ta gan shi da magariba, ba wanda zai ga laifinta. Sai dai duk waɗannan abubuwa da ido ake ganinsu a cikin makarantar, allon bakin titi ba ya nuna su.

Wadda muke roƙonku ku guje wa ita ce makarantar da sunanta ya fito ta hanyar "taimako" a ɗakin jarrabawa, irin wadda ake tururuwar komawa a aji shida kawai. WAEC kan riƙe sakamako, takan kuma soke na cibiya sukutum. Idan ma an tsallake, takardar za ta kai ka ƙofar jami'a ne ta juya. Mu da muke ciki muna ganin yadda mai A1 a Lissafi ke zufa a gwajin farko na shekarar farko, kari-oba na taruwa, har a kai ga sallama. A ajin da ɗalibai suka haura 500, bayan makon farko ba mai sake tambayarka sakandaren da ka yi.

Wanda kuma bai samu ba a karon farko, ƙofa ba ta rufe ba, tana ma nan cikin garin Funtuwa: makarantar share fagen shiga jami'a ta ABU, wato SBRS. Wanda ya ci IJMB da maki mai kyau yana iya neman shiga aji biyu na jami'a kai tsaye. A can za ka ga ɗan makarantar mai allo da ɗan makarantar gwamnati ta ƙauye a benci ɗaya, suna karɓar aron littafin juna.

Idan maganar canza makaranta ta taso a gidanku wannan hutun, ku roƙi Baba ko Yaya ku je tare idan an koma, ranar karatu, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba. Ku leƙa aji. Ku tambayi 'yan aji shida wane ne malamin Fiziks, kuma tun yaushe yake nan, domin inda ake canza malami kowane zango akwai magana. Mai son lauya ya tambaya ko ana koyar da Adabin Turanci, don ba a shiga sai da shi. Sannan Baba ya nemi a nuna masa cikakkiyar takardar sakamakon WAEC ta bara, mai ɗauke da kowa da kowa, a kuma faɗa masa su nawa ne a ajin lokacin da suke aji huɗu. Idan shugaban makaranta ya ce takardar na hannun mai makaranta, mai makaranta kuma ya yi tafiya, a tambaya yaushe zai dawo.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.