Amanar Mai Koyar da Tuƙi

Ku sani, ya jama'a, mai koyar da tuƙi malami ne, rayukan bayin Allah kuwa amana ce a wuyansa. Wanda duk ya ga cinkoson motoci da almajirai masu tsallaka titi a Ƙofar Nassarawa, ya san nan ba wurin ɗan koyo na kwana uku ba ne.

Wajibi ne malamin ya fara da fili, ya koyar da birki kafin gudu, ya liƙa jan harafin L, ya zauna gefen ɗalibi. Kada ya yi zagi, domin firgitacce yakan taka totur maimakon birki. Ɗalibi kuwa ya biya lada, ya ji magana, kada ya saci mota ya fita shi kaɗai.

Doka ta hana lasin sai ga mai shekara 18 da ya ci jarrabawa. Amma wani attajiri yakan matsa a sallami ɗansa da wuri, ya saya masa takarda. Kuskuren allo wanke shi ake yi. Kashe rai bisa kuskure kuwa diyya ce da kaffara, azumin wata 2 a jere. Malamin da ya sallami wanda bai iya ba, yana da rabonsa na alhaki. Allah Ya kiyaye, amin.